Iskar Haidurojin da Haɗarin Gobararta

Gabatarwa

Duk wanda ya karanta kimiyya a makarantar sakandare zai iya tuna gwajin nan da ake yi don gane iskar haidurojin. Akan zuba asid a kan gutsuren tutiya, a tara iskar da ta fito a cikin 'yar kwalbar gwaji, sa'an nan a kusantar da tsinke mai wuta ga bakin kwalbar, sai a ji ƙara, fau! Wannan 'yar ƙara da ke ba ɗalibai dariya fashewa ce ta sosai, ƙanƙantar kwalbar ce kawai ta rage mata ƙarfi.

A halin yanzu ana yawan ambaton haidurojin a matsayin makamashin da zai rage dogaron duniya ga fetur da kwal, domin idan ta ƙone, ruwa ne babban abin da take bari. Ko ban da wannan buri, duniya tana sarrafa fiye da tan miliyan 90 na wannan iska a kowace shekara, mafi yawansa a matatun mai da masana'antun takin zamani. Takin yuriya da manomi ke zubawa a gindin masara da haidurojin aka haɗa shi. Saboda haka ya kamata mai karatu ya san halinta, tun da Hausawa sun ce sanin hali ya fi sanin kama. Wannan maƙala za ta nuna cewa yawan haidurojin a wuri ba shi ne ma'aunin haɗarinta ba. Abin dubawa shi ne ko ta gauraya da iskar shaƙa, da kuma ko tana da hanyar fita.

Mece ce haidurojin?

Haidurojin ita ce mafi sauƙin nauyi a cikin dukan sinadaran asali, kuma ita ce mafi yawa a sararin samaniya, har ma mafi yawan jikin rana ita ce. A nan doron ƙasa kuwa ba a cika samun ta ita kaɗai ba, sai a haɗe da wasu sinadarai. Kowace ƙwayar ruwa ta ƙunshi zarra biyu na haidurojin da zarra ɗaya ta oksijin. Haka kuma tana cikin fetur da man gyaɗa da sukari da tsokar jikinmu.

Wani masani ɗan Ingila mai suna Henry Cavendish ne ya fara bayyana ta a matsayin iska mai zaman kanta a shekarar 1766, ya kuma kira ta iska mai kama wuta. Daga baya Antoine Lavoisier na Faransa ya raɗa mata sunan da ake kiran ta da shi yanzu, daga kalmomin Girkanci masu ma'anar mai haifar da ruwa. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, kuma ba guba ba ce. Iskar da muke shaƙa ta fi ta nauyi kusan sau 14.

Halayen da ke jawo haɗari

Wuta kamar tukunya take a kan murhu, sai da duwatsu uku take zama: abin da zai ƙone, da iskar oksijin, da zafi ko tartsatsin da zai tayar da ita. In aka janye ɗaya, wuta ba ta kamawa. Wannan ƙa'ida ta hau kan kowane makamashi, sai dai haidurojin tana da wasu halaye huɗu da ke sa duwatsun nan uku saurin haɗuwa.

Na farko shi ne faɗin iyakar kama wutarta. Kowace iska mai ƙonewa tana da gwargwadon da sai ta kai shi a cikin iskar shaƙa kafin ta kama, da kuma gwargwadon da in ta wuce shi oksijin ya yi kaɗan. Gas ɗin girki yana kamawa daga wajen kashi 2 zuwa ƙasa da kashi 10 cikin 100. Iskar mitan, wadda ita ce mafi yawa a gas ɗin da ake haƙowa daga ƙasa, tana kamawa daga kashi 5 zuwa 15. Ita kuwa haidurojin tana kamawa tun daga kashi 4 har zuwa kashi 75. Ke nan da wuya a sami gaurayenta da iska wanda wuta ba za ta ci ba.

Na biyu shi ne ƙanƙantar tartsatsin da take buƙata. Idan ta kai wajen kashi 30 cikin 100 na iskar wuri, ƙarfin da bai wuce milijul 0.02 ba ya isa ya kunna ta, wato kimanin kashi ɗaya cikin goma na abin da gas ɗin girki ko tururin fetur ke buƙata. Mai karatu ya san tartsatsin nan da ke fita daga yatsa lokacin hunturu in an taɓa ƙofar mota, ko wanda ake gani cikin duhu in ana tuɓe rigar leda. Wannan lantarki ne da gogayya ke tarawa a jiki, bushewar iskar hunturu kuma tana hana shi zubewa. Irin wannan tartsatsi da mutum ke ji a fatarsa ya ninka abin da haidurojin ke buƙata sau gommai.

Na uku shi ne ɓuya. Gas ɗin girki ma asalinsa ba shi da wari sosai, da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi don hanci ya gane in yana yoyo. Ba a cika yi wa haidurojin haka ba, domin irin waɗannan sinadarai suna ɗauke da farar wuta, wadda ke lalata na'urorin da ke mayar da haidurojin lantarki. Bugu da ƙari, harshen wutarta ma da ƙyar ake ganin sa da rana. Abin da ke ba wutar itace ko ta kananzir launin ja da ɗorawa shi ne burbushin gawayi da ke ci a cikinta, ita kuwa haidurojin ba ta da gawayi, don haka ba hayaƙi, ba launi sai shuɗi-shuɗi mai rauni. Hucinta kuma ba ya kai wa nesa, sai mutum ya yi dab da ita kafin ya ji, alhali zafin harshen yana kai wa digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyas. Wannan ne ya sa a shekarun baya ma'aikatan hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, suka riƙa bin bututun haidurojin riƙe da tsintsiya a gabansu. In bakin tsintsiyar ya kama da wuta, to sun san inda yoyon yake.

Na huɗu shi ne ƙanƙantar ƙwayarta. Tana iya sulalewa ta mahaɗin bututun da zai riƙe wata iska ba tare da yoyo ba. Har ila yau tana kutsawa cikin jikin wasu nau'o'in ƙarfe, ta mayar da su masu gautsi, a hankali su tsage. Ga shi kuma saboda rashin nauyinta dole a matse ta ƙwarai kafin a tara mai amfani. Tankin motar da ke aiki da haidurojin yana riƙe ta da matsin da ya ninka na iskar duniya sau 700, alhali matsin tayar ƙaramar mota bai fi ninki biyu zuwa uku ba.

Ita sama take yi

Akwai hali guda da ke rage kaifin waɗancan huɗu, shi ne rashin nauyi. Gas ɗin girki da tururin fetur sun fi iska nauyi, don haka in sun yi yoyo ƙasa suke kwanciya, su bi kwata da rami, su daɗe suna jiran ashana. Haidurojin kuwa da zarar ta fita sai ta yi sama da sauri ta watse. A fili, inda ba rufi, cikin ɗan lokaci take sirkewa ta koma ƙasa da kashi 4. Amma a cikin ɗaki, rufi ne ke tare ta, ta taru a ƙarƙashin silin, daidai inda ƙwan lantarki da fanka da wayoyi suke. Wanda ya saba da gas ɗin girki yana iya buɗe ƙofa ya ɗauka ya gama, bai san abin yana bisa kansa ba.

Wajibi ne kuma a bambanta ƙonewa da fashewa. Idan haidurojin zalla ce ke fita daga wani mazubi, tana ci ne a bakin da take haɗuwa da iska kawai, kamar yadda gas ke ci a kan murhu. Idan kuwa ta riga ta gauraya da iska ko da oksijin kafin tartsatsi ya zo, to duk gaurayen ne ke kamawa kusan lokaci guda. Wutarta ta fi ta mitan saurin tafiya kusan sau bakwai, a wurin da yake rufe kuma tana iya rikiɗewa ta zama bugu mai gudun kusan kilomita biyu a daƙiƙa guda, wanda ke rusa bango. Misalai uku daga tarihi za su fito da wannan bambanci fili.

Hindenburg da tukunyar Hawaii

Tun a shekarar 1783 Jacques Charles ya tashi sama a birnin Paris cikin balan-balan da aka cika da haidurojin, daga nan aka yi ta faɗaɗa wannan dabara har aka kai ga manyan jiragen balan-balan masu ɗaukar fasinja. Mafi shahara cikinsu shi ne Hindenburg na ƙasar Jamus, mai tsawon mita 245, wanda ke ɗauke da haidurojin kimanin lita miliyan 200. An so a cika shi da iskar hiliyam, wadda ba ta kama wuta, amma a lokacin Amurka ce ke da ita da yawa, kuma dokarta ta hana fitar da ita waje.

Ranar 6 ga Mayu, 1937, jirgin ya iso Lakehurst a jihar New Jersey ta Amurka daga birnin Frankfurt, bayan an yi hadari da tsawa a yankin. Yana cikin shirin sauka sai wuta ta tashi ta wajen wutsiyarsa, kuma cikin abin da bai fi rabin minti da 'yan daƙiƙu ba ya zama ƙwarangwal a ƙasa. Masu binciken Amurka da na Jamus sun karkata ga cewa haidurojin ce ta yi yoyo, tartsatsin lantarkin da ya taru a jikin jirgin ya kunna ta. Daga cikin mutum 97 da ke ciki, 35 sun rasu, da ma'aikaci guda a ƙasa. Wannan hatsari ne ya kawo ƙarshen jigilar fasinja da irin waɗannan jirage. Amma abin lura shi ne mutum 62 sun tsira daga gobarar iska mai yawan lita miliyan 200. Dalili kuwa, mafi yawan iskar ba ta gauraya da iskar waje ba tukuna, don haka ƙonewa ta yi, kuma wutar da zafinta sama suka nufa, alhali mutane suna ƙarƙashin jirgin.

A kwatanta wannan da abin da ya faru a wani ɗakin gwaje-gwaje na Jami'ar Hawaii ranar 16 ga Maris, 2016. A can ana renon wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu rayuwa a kan haidurojin, ana ciyar da su daga wata tukunyar ƙarfe mai cin lita 49, wadda aka matsa haidurojin da oksijin da iskar kabon dayoksaid tare a cikinta. Tukunyar ta fashe, wata mai bincike ta rasa hannunta, ɗakin kuma ya yi kaca-kaca. Kwamitin ƙwararrun da ya binciki al'amarin ya nuna cewa mafi kusa ga gaskiya tartsatsin lantarkin gogayya ne ya jawo, kuma ba a haɗa tukunyar da wayar da ke zubar da lantarki cikin ƙasa ba. Duwatsu biyu na murhu sun daɗe a cikin tukunyar nan, na ukun kawai ake jira.

Darasin Fukushima

Misali na uku ya shafi rufi. Ranar 11 ga Maris, 2011, girgizar ƙasa da ambaliyar teku suka katse wutar da ke juya ruwan sanyaya tukwanen tashar nukiliya ta Fukushima a Japan. Sandunan makamashin tashar suna cikin kube na wani ƙarfe mai suna zakoniyam. Idan wannan ƙarfe ya yi zafi fiye da kima, yakan fizge oksijin daga tururin ruwa, ya saki haidurojin. Iskar ta sulale ta taru a benayen sama na gine-ginen. Gini na ɗaya ya fashe ranar 12 ga wata, na uku ranar 14, na huɗu kuma ranar 15. Shi na huɗun ma tukunyarsa ba ta aiki a lokacin, haidurojin ta shigo masa ne daga na uku ta bututun fitar da iska da suka haɗa. Gini na biyu kuwa bai fashe ba, masu bincike kuma suna ganin dalilin shi ne wani faifai a bangon samansa ya buɗe, iskar ta sami mafita.

Inda muke haɗuwa da ita

Kada mai karatu ya zaci wannan magana ta tsaya ga manyan tashoshi da ƙasashe masu nisa. Wurin da aka fi haɗuwa da haidurojin a garuruwanmu shi ne batir mai ruwan asid, na mota da na inbata da na sola. Idan batir ya cika aka ci gaba da ɗura masa wuta, sai wutar ta koma fasa ruwan da ke cikinsa zuwa haidurojin da oksijin. Kumfar nan da ake gani tana tasowa ita ke nan, kuma shi ya sa ruwan batir ke raguwa. Amfiya ɗaya a cikin awa ɗaya tana iya fitar da kimanin lita 0.4 na haidurojin daga kowane gida na batir, batir mai bolt 12 kuma gida shida gare shi, wato lita 2.5 ke nan.

Bari mu yi lissafi. A ɗauki ɗan shago mai faɗin mita 2, tsawon mita 2, da tsayin mita 2.5. Iskar cikinsa lita 10,000 ce, kashi 4 cikin 100 nata kuwa lita 400. In an bar batura goma da suka riga suka cika a kan caji, kowane yana shan amfiya 5, za su iya fitar da lita 125 a awa guda. Idan shagon a rufe yake ruf, cikin awa uku da 'yan mintoci an kai iyakar haɗari, a ƙarƙashin rufi kuma tun kafin haka. A cikin batirin kansa, sararin da ke bisa ruwan asid cike yake da haidurojin da oksijin a gauraye. Shi ya sa tartsatsin waya ko na sufana da ta haɗa kawunan batir biyu ke iya tarwatsa shi, asid ya fallatsa a fuska da idanu. Baturan da aka rufe bakinsu ma suna fitar da iskar in caji ya yi musu yawa.

Wuri na biyu shi ne balan-balan na wasa. Saboda tsadar hiliyam, a ƙasashe da dama akan cika su da haidurojin da aka samu ta jiƙa alminiyam a ruwan sodar sabulu. Ido ba ya bambanta wannan da wancan. A watan Mayu na 2012, a wani taron siyasa a birnin Yerevan na ƙasar Armeniya, tarin irin waɗannan balan-balan sun kama wuta a tsakiyar jama'a, fiye da mutum 140 suka ji rauni.

Wuri na uku shi ne ɗakin nazarin ƙananan halittu. Akwai bakteriya da oksijin ke kashewa, kamar wadda ke haddasa cutar sarƙe-haƙora. Domin a rene su, akan sa su a wani tulu na musamman, irin wanda McIntosh da Fildes suka ƙirƙiro a 1916, a shigar da haidurojin don ta haɗu da ragowar oksijin su zama ruwa. A manyan akwatunan da ake wannan aiki a yau, akan sirka haidurojin da naitirojin yadda ba za ta wuce kashi 5 cikin 100 ba. Hatta a cikin hanjinmu, bakteriya suna fitar da haidurojin lokacin da suke narka ragowar abinci irin su wake. An sha samun rahoton fashewar wannan iska yayin da likita ke aiki a babban hanji da na'ura mai ƙuna da lantarki, shi ya sa ake tsananta wanke hanji kafin irin wannan aiki.

Matakan kariya

Daga bayanan da suka gabata za a iya tsamo matakai kamar haka:

1. A ba ta mafita ta sama. Duk ɗakin da ake cajin batura ko ajiye tukunyar haidurojin ya kasance da ƙofar iska a mafi tsayin wuri, da wata a ƙasa don sabuwar iska ta shigo. Kada a kulle batura a cikin kabad, ko a ajiye su a ɗakin kwana.

2. Kada a tara haidurojin da oksijin ko iska a mazubi ɗaya. Kafin a shigar da ita bututu ko tanki, a kore iskar ciki da naitirojin.

3. A nisantar da tartsatsi. A kashe caja tukuna kafin a cire wayoyi daga kan batir. In za a tayar da mota da batirin wata, a maƙala waya ta ƙarshe a jikin ƙarfen inji, nesa da batir. Kada a leƙa ruwan batir da ashana ko da taba a baki. A ɗakin gwaje-gwaje kuma a haɗa tukwane da wayar ƙasa, a ƙara kula lokacin hunturu.

4. Kada a dogara ga ido ko hanci. A nemi yoyo da ruwan sabulu a mahaɗin bututu, na'urar gano iskar kuma a kafa ta kusa da rufi.

5. In wuta ta kama a bakin yoyo, a rufe iskar daga tushe in zai yiwu ba tare da kusantar wutar ba. Kashe harshen wutar alhali iska tana ci gaba da fita yana ba ta damar taruwa ta fashe. In ba a iya rufewa ba, a fitar da mutane, a kira 'yan kwana-kwana.

6. In asid ya shiga ido, a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, sa'an nan a garzaya asibiti.

Kammalawa

Ɗan'adam ya daɗe yana zaune da abubuwa masu ci da wuta, kuma kowanne sai da ya koyi halinsa kafin ya ji daɗinsa. Masana'antu sun shafe fiye da shekara ɗari suna sarrafa haidurojin da yawan gaske, abin da ke nuna ana iya aiki da ita lafiya in an bi ƙa'ida. Abin da misalan Hindenburg da Hawaii da Fukushima suka koyar shi ne a riƙa yin tambaya biyu a duk inda wannan iska take: shin ta gauraya da iska ko oksijin? In ta yi yoyo, ina za ta bi ta fita? Mai cajin batir a bakin kasuwa, da mai gidan da ya jera baturan sola a sito, da malamin da ke kula da ɗakin gwaje-gwaje, duk waɗannan tambayoyi sun shafe su. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A nan, shafa ruwan bai wuce ɗaga kai a dubi rufin ɗaki ba, in ba taga a can, a fasa.